Taubasaina, Ku Bar Shingen Kawu Ya Huta

Layi ɗaya tal na rubuta a wannan shafi a watan jiya, ashe tsuliyar dodo na tsokano. Cewa na yi duk faɗin Adar da Gobir Tudu, daga Madawa zuwa Buza har a dangana da Kaita, babu kaktus ko ƙwaya ɗaya da ƙasar ta haifa da kanta. Tun daga ranar salulata ba ta huta ba. Wasu sun rubuto, wasu sun turo murya mai tsawon huɗubar Juma'a. Wani kuwa bai yarda da waya ba sam, sai ya ba direban motar albasa saƙo a naɗe cikin takardar siminti. Da na kwance na iske reshe guda mai ƙaya, yana ta tsiyayar farin ruwa, da 'yar wasiƙa a gefe: "Ga shaida, malam mai ilimin birni."

Na karɓi shaida, na kuma gode. Direban dai ya ce in gaya wa mai saƙon cewa tun daga Konni yake susar hannu, kuma kuɗin mota bai haɗa da kuɗin magani ba.

Kafin mu shiga shari'a, a san matsayin kowa. Mahaifiyata 'yar Adar ce, saboda haka galibinku 'ya'yan kawunnaina ne, taubasai ke nan. Duk abin da zan faɗa yau ba ya kai mu gaban alƙali. Wasan nan namu tun 2014 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar, don haka wanda ya ji haushi ya nemi biza ya kai ƙara Faris.

Na fara da Mushe, tsohon malamin lakwal a Tamaske, don shi ne babba, kuma shi ya fi kowa tsawon wasiƙa. Ya ce shekara talatin yana riƙe da alli, kuma littafin da ya koyar da shi cewa ya yi kaktus tsiro ne na hamada, mai ƙaya, mai ajiye ruwa a jikinsa. Ya ce hamada kuwa a ƙofar gidanmu take kwana. "To, wanga yaro, in ba nan ba, ina kaktus zai zamna?"

Allah ya ƙara wa Mushe lafiya. Lissafin ya yi kyau a allo, sai dai da haka duniya take tafiya, da Sifaniyawan da suka fara shiga Meziko sun iske Abzinawa da ayarin raƙumansu suna jiran su a bakin rijiya. Hamada ba ɗaya ba ce, kowace da 'ya'yanta. Dangin kaktus sun haura iri 1,500, kuma dukansu 'yan nahiyar Amurka ne, daga Kanada har kudancin Ajantina. Iri ɗaya kaɗai aka iske a Afirka tun kafin jiragen Turawa, shi ne Rhipsalis baccifera. Shi ma in Mushe ya gan shi ba zai kula shi ba, domin siririn abu ne kamar igiya, yana reto a rassan itatuwa a dazuzzuka masu ruwa, inda ba a san ƙishirwa irin ta Kaita ba.

To mene ne wannan da muke gani a shinge da kan duwatsu? Ai kakanninmu sun riga sun raɗa wa kowane suna. Akwai aguwa, wadda kowa ya sani daga Bangi har Ibohaman: a sare reshe da rani, a kafa a rairayi, ta kama, ta tsare gona daga awaki, ta riƙe tudun yashi kada ya ci gari. Da damina ta yi ganye, da rani ta tuɓe ta bar rassa masu ruwan toka. Akwai karan masallaci, ɗan gajere mai kusurwa huɗu, wanda ke fakewa a gindin duwatsu. Sai kuma ƙerana da tinya, waɗanda suka fi yawa can kudu da mu, wajen Zariya da Bauci da tsaunukan Jos, inda ake kewaye gida da gona da shingen ƙerana mai tsawon da ya fi mutum. Bature ya zo ya ga ƙaya da jiki mai ruwa, ya ce kaktus, mu kuma muka ɗauka muka sa a aljihu. Alhali Hausawa sun daɗe da yanke hukuncin: kama da wane ba wane ba ne.

Tunda Mushe mutumin jarrabawa ne, ga tambaya uku da zai yi wa duk tsiron da ya zo masa da da'awar kaktus. Ta farko, a ɗan ƙyasta masa reza, a kauda fuska. In farin nono ya fito kamar na tumfafiya, to ya faɗi tun a nan, domin dogayen kaktus masu tsayuwar tabarya ruwan jikinsu garau yake, da ɗan yauƙi kamar na kuɓewa. Ta biyu, a dubi gindin ƙayar. Ƙayar kaktus daga cikin wani ɗan gammo mai gashi-gashi take fitowa, kamar an manna ƙullin auduga, kuma a tattare take fitowa, da yawa a wuri ɗaya. Wannan gammo shi ne tambarin gidansu, babu wani tsiro a duniya da yake da shi. Ƙayar ƙerana kuwa biyu-biyu take, kamar ƙahon sa, a kan fata mai tauri, babu gammo. Ta uku, a jira fure. Kaktus mai tsayuwar tabarya in ya tashi fure sai ya fito da abu kamar kakaki, fari, wani ya kai tsawon taƙi. Furen ƙerana da na aguwa sai ka matsa kusa kafin ka gan su, kuma ɗansu ɗan ƙullutu ne mai ɗaki uku, in ya bushe ya fashe ya watsa iri.

Na san abin da Mushe zai ce: to me ya sa suka yi kama haka? Wahala ce ta ɗinka musu riga iri ɗaya. Duk wanda zai ratsa Tenere sai ya naɗa rawani, Ba'abzine ne ko Batube ko direba ɗan Tawa, kuma rawanin bai sa sun haɗa kaka ba. Tsiron da ke zaune inda ruwa ke zuwa sau ɗaya ya ɓace, dole ya zubar da ganye don kada rana ta tsotse shi, ya mai da jikinsa randa, ya yi kunyoyi a jiki kamar na gona don ya kumbura da damina ya motse da rani ba tare da ya tsage ba. Dole kuma ya nemi makami saboda masu ƙishirwa. Da yawansu ma, a can da nan, sai da dare suke buɗe ƙofofin numfashinsu, lokacin da iska ta yi sanyi. Dabara ɗaya ce gida biyu suka gano, teku na tsakaninsu.

In kuwa zancen zumunci ake yi, Mushe ya gyara zama. Aguwa da ƙerana da tinya gida ɗaya suke, sunan gidan Euphorbia, mai 'ya'ya wajen iri 2,000. 'Yar'uwarsu ta ciki ɗaya ita ce nonon kurciya, 'yar ciyawar nan da ake takawa a bakin rijiya ba a ko lura. Rogo da zurma da bini-da-zugu kuwa danginsu ne na kusa. Karan masallaci shi ba ya cikinsu, ɗan dangin tumfafiya ne, shi ya sa in ɗansa ya fashe sai ka ga iri mai gashi yana bin iska. Shi kuma kaktus, in aka bi salsala, ya fi kusa da alayyafon miya a kan ƙerana. Ka ji inda ido ke kai mutum ya baro. Har sunan gidan Euphorbia ma a Afirka aka raɗa shi: Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki yankin Maroko da Aljeriya na yau shekara 2,000 da suka wuce, shi ya sa wa wani tsiro mai nono na tsaunukan Atlas sunan likitansa Euphorbus, sai Linnaeus ya tabbatar da sunan a 1753.

Mu koma kan mai saƙon siminti, ɗan'uwana na Buza. Da na kira shi ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Shekarun baya ya je cirani Jos, ya ga shingen mutanen can ya ba shi sha'awa, ya yanko reshe ya kawo gida ya dasa a bayan ɗaki. Abu ya kama, ya yi tsawo, ba mai kula shi sai ƙadangaru. Kwanan nan ɗansa ya gani a TikTok cewa Turawa na biyan kuɗin jirgi su tafi Peru don wani kaktus da ake kira San Pedro, wai in an sha shi ana ganin abin da ido ba ya gani. Yaro ya ɗauki hoton na bayan ɗaki, ya ba wata manhajar gane tsirrai, ita kuwa ta ce masa ai shi ne. Yanzu uba da ɗa sun kasu biyu: uban na lissafin jika nawa reshe zai yi in aka samu mai saye, ɗan kuma na lissafin da ban so in faɗa a gaban uban.

Ɗan'uwa, arziki na Allah ne, amma wannan bai biyo ta bayan ɗakinka ba. Abin da ka aiko mini ƙerana ce, na ga nonon, na ga ƙaya biyu-biyu, direba kuma ya ba da shaida da fatarsa.

San Pedro na gaskiya ɗan tsaunukan Andis ne, a Ekwado da Peru, yana zaune tsakanin mita 2,000 zuwa 3,000 sama da teku. Don a gane nisan, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, wanda ke Bagzam a Ayar, mita 2,022 ne. Wato inda ƙasarmu ta ƙure tsawonta, nan gidan San Pedro ya fara, tsaunukan Adar kuwa ko mita 1,000 ba su kai ba. Mutanen can sun san shi tun da daɗewa, suna kiran sa wacuma. A kufan Chavín de Huántar a Peru akwai dutse da aka sassaƙa fiye da shekara 2,500 da suka wuce, mai siffar wani dodo-dodon mutum riƙe da sandar wannan kaktus. Da Sifaniyawa suka kawo Kiristanci, sai aka laƙaba masa sunan San Pedro, wato Waliyyi Bitrus, wanda a wajensu shi ke riƙe da mabuɗan sama. Har yau bokayen arewacin Peru na aiki da shi, kuma a 2022 gwamnatin ƙasar ta sa wannan sani nasu cikin gadon al'adunta. Sinadarin da ke juya kan mai sha sunansa meskalin. Wani Bajamushe, Arthur Heffter, shi ya fara ware shi a 1897, daga wani ɗan guntun kaktus na Meziko mai suna feyote.

Ga inda nake so yaron ya buɗe kunne. A can gidansu ma San Pedro ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan'uwa masu kama da shi kamar an tsaga kara. Shi kore ne, kunyoyinsa galibi shida zuwa takwas, ƙayarsa gajera, wani sa'in kamar babu. Akwai na Peru da ake yi wa laƙabi da tocila, mai shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa masa toka, da dogayen ƙayoyi. Akwai na Bolibiya, siriri, mai ƙarancin kunyoyi. A takarda abin da sauƙi. A gona kuwa suna auratayya da juna su haifi barbarar yanyawa, kuma tsiro ɗaya kan canja kama: a rana ya yi ƙaya, a inuwa ya yi sumul. Akwai kuma wasu dogayen kaktus na ado da ba su da komai a ciki sai ruwa, ana sayar da su da sunansa. Ko tsakanin San Pedro biyu na gaskiya, ƙarfin sinadarin kan bambanta ninkin ba ninkin, kuma babu idon da ke gane hakan daga waje.

Su kansu masanan ba su gama faɗa ba. A 1920 Amurkawa biyu, Britton da Rose, suka raɗa masa Trichocereus pachanoi, don girmama wani masanin noma ɗan Ekwado, Abelardo Pachano. A 1974 wasu suka ce a'a, suka mai da shi gidan Echinopsis. A 2012, bayan binciken ƙwayoyin gado, wasu suka ce a mai da shi inda aka ɗauko shi, wasu ma suka ce da shi da na Peru iri ɗaya ne, kama ce kawai ta ɗan bambanta. Shekara ɗari ke nan masu farin gashi da madubin ƙara girma suna ja-in-ja a kan sunan tsiro ɗaya. Sai ga ɗan taubashina a Buza, da salula mai fasasshen gilashi da cajin kashi 12, ya warware matsalar cikin daƙiƙa uku. Kai, Adar ta haifi gwani!

Nan kam zan ajiye wasa na ɗan lokaci, don ido ba abin wasa ba ne. Nonon ƙerana da na tinya wuta ne. In ya taɓa fata sai ta yi ja ta tashi, in ya shiga baki ya ƙona har maƙogwaro, in ya shiga ido yana iya makantar da mutum na kwanaki, wani sa'in ya bar tabon da ba ya gogewa. Ba banza ba maharban da suke zuba tinya a dafin kibiya. A shekarun 1970 masu binciken magunguna a Landan suka tatsi nonon wata tinya ta Najeriya, Euphorbia poissonii, suka fitar da wani dafi da ba a san shi ba, suka sa masa suna tinyatoxin. Ku duba farkon kalmar da kyau. Hausa ce zaune daram a littattafan kimiyyar duniya, kuma ta ƙofar dafi ta shiga. Zafinsa ya ninka na tsantsar sinadarin barkono sau ɗaruruwa. Yana da wani wa mai suna resiniferatoxin da ya fi shi zafi, wanda likitoci a Amurka ke gwada shi, da awo ɗan mitsitsi, don kashe raɗaɗin masu ciwon daji. Wannan aikin masu sikeli ne. Wanda ya dafa reshen ƙerana a tukunya yana neman ganin sama, abin da zai gani shi ne rufin ɗakin likita, in ma idon ya buɗe.

In tsautsayi ya sa nonon ya faɗa wa wani a ido, kada a murza, kada a tsaya neman tofi ko man shanu. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta, buta bayan buta, na tsawon lokaci, sannan a garzaya likita. Yara masu wasan langa kusa da shinge, da mata masu sarar itace, su suka fi gamuwa da wannan.

Sai Alhaji na Madawa, mai shagon albasa, wanda shakkarsa ta bi wata hanya daban. Shi bai damu da sunan tsiro ba. Cewa ya yi duk zancen ƙarya ce irin ta masu jarida: "Icce dai, wanda ba a jiƙa ba, ba a tsima ba, shi sa mutum ganin abin da babu? Ku dai ku hwaɗi wata." Ranka ya daɗe, ba sai mun je Peru ba. A fita bayan gari, a dubi juji, a nemo zaƙami, mai fure kamar kakaki da ɗa mai ƙaya. Wanda ya sa masa laƙabin haukata-yaro bai taɓa jin sunan meskalin ba. Kowane gari a ƙasar Hausa yana da labarin saurayin da abokai suka zuba wa a shayi, ya kwana yana kamun kifi a tsakar gida, baki a bushe, ido a buɗe, bai san uwarsa ba. Wasu ba su dawo daidai ba, wasu ba su dawo ba sam. Zaƙamin nan kuwa dangin tumatir ne da gauta da barkono, waɗanda Alhaji ke lodawa a mota ɗaya da albasarsa ta fadamar Tarka. Gida ɗaya ya haifi na miya ya haifi na hauka. Can Peru ma akwai ɗan'uwan zaƙami, itace mai furanni a rataye, wanda wasu ke gaurayawa da San Pedro, kuma wannan gaurayen ya fi komai haɗari a harkar.

Akwai kuma Gwaggo, daga wani ƙauye kusa da Karofan, wadda ta sa jikanta ya danna mata waya ta wanke ni tas. Ta ce ni ne zan koya wa yara abin da ba su sani ba, da na yi shiru da bakina da ba wanda ya san ana shan shinge. Gwaggo, na durƙusa. Amma yaron Buza ba a shafina ya gani ba, a tafin hannunsa ya gani, tsakar dare, kina barci ina barci. Abin da bidiyon bai gaya masa ba shi nake gaya masa. Ko San Pedro na gaskiya ba rake ba ne: ɗaci ne da amai da bugun zuciya, da sa'o'i goma ko fiye mutum bai mallaki kansa ba, kuma mai raunin ƙwaƙwalwa ko ciwon zuciya yana iya shiga ya kasa fita. Meskalin na cikin jerin farko na abubuwan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta hana, don haka mai tunanin fatauci ya sa jami'an OCRTIS masu yaƙi da fataucin ƙwayoyi cikin lissafinsa. Sannan, Gwaggo, tsakanina da ke, abin da ke cin samarinmu ba a shinge yake tsirowa ba. A kwali yake zuwa, sunansa tramol, kuma ko jikan da ya danna miki wayar ya san teburin da ake sayar da shi.

Mutum ɗaya ne ya kama ni da gaskiya, kuma dole in sara masa. Wani ma'aikacin gandun daji ne da ya yi aiki a Kaita. Ya ce ya ga kaktus na ainihi, mai gammo da komai, a tukwanen fure a ƙofar otal-otal da gidajen manya a Tawa da Yamai, ya kuma ga mai faffaɗan jiki kamar tafin hannu, wanda ake cin 'ya'yansa. Gaskiyarka, malam. Amma ka koma ka karanta layin nawa: cewa na yi wanda ƙasar ta haifa. Waɗannan baƙi ne, jirgi ya kawo kakanninsu bayan 1492. Mai tafin hannun ya zauna a Maroko har suna kiran sa ɓauren Nasara, ya zauna a Tigirai ta Habasha suna kiran sa beles, ya mamaye Ostareliya har sai da aka shigo da wani ƙwaro daga Ajantina a shekarun 1920 ya cinye shi. Baƙunci kuwa ba laifi ba ne a wajenmu. Masara da gyaɗa da rogo da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo. Bedin da aka jera layi-layi a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, asalinsa Indiya, yau kuwa wa zai ce masa baƙo a Buza? Sai dai baƙo ko ya shekara ɗari, in ana rabon gado a san ɗan wane ne.

Abin da ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni takaici, shi ne wannan. A farkon ƙarnin da ya wuce wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya yi ta yawo a ƙasar Hausa yana tsugunawa gaban tsofaffi da maharba da masu magani, yana tambaya: wannan fa, me sunansa? A 1916 ya buga littafi guda na sunayen tsirrai da Hausa, kuma sunansa ne ke liƙe a sunan kimiyya na karan masallaci har yau, Caralluma dalzielii. Bature ya zo daga ƙetaren teku ya ɗauki darasi wajen kakanninmu. Jikokinsu kuma yau suna tsaye a gaban shingen gidansu suna tambayar waya. Iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, babu tsiron kan dutsen da ba su san shi ba: wanda akuya ke ci, wanda take kaucewa, wanda ake wanke hannu in an taɓa. Da yaron Buza ya taka zuwa ɗakin kakarsa ya nuna mata reshen, da kafin ya rufe baki ta ce masa ƙerana ce, ajiye, je ka wanke hannunka. Ba ta buƙatar caji.

Reshen da aka aiko mini ban yar ba. Na sa safar hannu na kafa shi a bakin ƙofata, nesa da inda yara ke wasa, kuma ga alama ya kama, don 'yan Adar da abin da suka taɓa ba su san mutuwar zuciya a baƙon wuri ba. Awakin maƙwabcina da suka cinye mini zogale sau biyu sun zo sun shinshina shi, sun dubi juna, sun juya. Ko lakwal ba su shiga ba, Mushe, amma sun ci jarrabawar nan tun a tambaya ta farko.

Saura lissafi tsakaninmu. Watan cika-ciki na tafe, za a zauna a ga wanda ake bi kuɗin shara. Kafin nan, duk taubashin da ke da sauran shakka ƙofa a buɗe take, ya aiko da hujjarsa ta hannun direban nan dai. Sharaɗi ɗaya ya gindaya, ni ma na sa hannu: hujjar ta kasance albasa ce, buhu guda, 'yar Galmi.